Ɓarawon Yana Gida, Malam

Malam, na karanta rubutunka inda ka ce duk wanda banki ya rufe wa asusu don ya shiga daga ƙasar waje, godiya ta kamace shi, ba ƙorafi ba. Da alama ba ka taɓa tsayawa gaban mai kanti a Madina ba, dabinon ajwa a leda, manhajar banki tana cewa ta tura lambobi 6 zuwa layin da ka cire ka nannaɗe a takarda tun saukarka Jidda. Ni na tsaya. Na mayar da layin, saƙon bai iso ba sai da lambar ta mutu. A gwaji na uku aka garƙame asusun, wai in je reshe da kaina. Reshen kuwa yana Zariya!

Ban ce a bar ƙofa a buɗe ba. Amma me na'urar bankin ke dubawa? Adireshin intanet, mai nuna ƙasar da kake. Ɗan damfara ya san haka sarai: VPN yake kunnawa, sai ya bayyana kamar yana Legas. Mai satar layi kuwa, wanda ke sa a yi masa sabon sim da lambarka, yana nan gida, kuma wayarsa saƙon zai faɗa. An tsare alhaji, ɓarawo ya wuce abinsa.

Akwai mafita kuwa: manhaja irin Google Authenticator tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30, ko babu sabis. Ita ce ba ka ambata ba ko sau ɗaya.