Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Ba: Raddi Ga Masu Hana Furta Laifi Ga Ɗan'uwa

A taron zumuntar maza na ikilisiyarmu, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ja kunnen matasa kan abin da ya kira sabon yayi, wato mutum ya zauna da ɗan'uwansa mai bi ya gaya masa inda ya yi tuntuɓe. Hujja uku Baba ya kawo, ya rufe da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ban tanka a wurin ba, don ba a katse babba. Ga amsata yanzu.

Da farko ya ce Allah kaɗai ke gafarta zunubi, furta wa mutum kuwa al'adar Katolika ce. Rabin farko babu mai ja da shi. Sai dai wasiƙar Yakubu, sura 5 aya 16, ta umarci masu bi su riƙa bayyana wa juna laifofinsu, ta kuma haɗa wannan da yi wa juna addu'a da samun waraka. Juna aka ce, ba a ware firist ba. Su kansu mabiyan Luther, a takardar bangaskiya da suka miƙa a Augsburg a 1530, sun bar furci na keɓe a ikilisiya. Tilasta wa mutum ya lissafa kowane zunubi ɗaya bayan ɗaya suka ƙi. John Wesley ma tun 1738 ya tsara ƙananan ƙungiyoyi, maza daban mata daban, suna haɗuwa mako-mako kowa ya faɗi jarabar da ta same shi. Yayin da ya kusa shekara 300 ai ya wuce a kira shi sabo.

Hujja ta biyu ita ce ta fi ba ni mamaki. Baba ya ce shugaban da ya nuna rauninsa ya zubar da kwarjininsa, tumaki ba za su ƙara bin sa ba. To, ina muka ji labarin musun Bitrus? Matiyu, Markus, Luka da Yohanna duka sun rubuta cewa sau uku ya ce bai san Ubangijinsa ba, har zakara ya yi cara. Ikilisiyar da Bitrus ke cikin ginshiƙanta ita ta kwafe labarin, ta riƙa karanta shi a gaban jama'a. Zabura ta 51 kuma, kanta yana ɗauke da sunan Batsheba da na annabi Natan, aka miƙa ta ga shugaban mawaƙa: abin kunyar sarki Dauda ya zama waƙar sujada. Bulus ya gaya wa Korantiyawa, mutanen da ke raina manzancinsa, cewa sau uku ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba. Agustin yana kan kujerar bishop a Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, ya soma rubuta littafin furcinsa wajen shekara ta 397. A ciki ya ba da labarin 'ya'yan itacen da ya sata yana ɗan shekara 16, ba don yunwa ba, da matar da ya zauna da ita fiye da shekara goma babu aure har suka haifi ɗa. Cikin waɗannan huɗu, wane ne tumaki suka gudu suka bari?

Ta ukun kuwa, nan Baba yana da gaskiya, ba zan ɓoye ba. Ya ce abin da ka faɗa da dare, da safe yana kasuwa. Duk mun san yadda ake yi: a sassauta murya, a ce "'yan'uwa, mu sa wane cikin addu'a, ba gulma ba ce," daga nan a zazzage komai har da sunan unguwa. Farkawar da ta tashi a Gahini ta Ruwanda a shekarun 1930, ta bazu zuwa Uganda da Kenya, ta sha suka kan haka, domin masu furci a bainar jama'a sukan tona har da waɗanda suka yi laifin tare. Amma ikilisiya ta daɗe da sanin wannan ciwo, kuma ba da toshe bakin mai tuba ta yi maganinsa ba. A 459 Leo, bishop na Roma, ya hana a riƙa karanta zunuban mutane a gaban taro. Majalisar Lateran ta 1215 ta yanke cewa firist ɗin da ya fasa asirin furci a tuɓe shi, ya ƙare rayuwarsa yana tuba a gidan sufaye. Hukuncin kan mai ji ya faɗa. Haka ma karin maganar da Baba ya jawo: Bahaushe yana faɗa wa wanda aka ba amanar magana ne, ya riƙe ta a cikinsa. Baba ya ɗauke ta daga wuyan mai sauraro ya rataya wa mai ciwo.

Akwai kuma abin da bai taɓo ba. A majami'armu akwai benci na can baya, kusa da ƙofa, inda waɗanda aka sa a horo suke zama. Tun ina yaro nake duban bencin nan, kuma kusan kullum yarinya ce a kai, wadda cikinta ya riga ya yi furci a madadinta. Ranar Jibin Ubangiji faranti yakan wuce ta, kanta a sunkuye. Wata Lahadi na tambayi wani cikin dattawa ina wanda ya yi mata cikin yake zaune. Ya gyara hularsa, ya ce mini ba a nan ake irin wannan magana ba.