Waɗanda ba a tafa wa ranar yaye ɗalibai

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, tare da takwarorinta na Gusau da Gashuwa, iyaye a Gwandu da Kalgo suka samu sauƙi, domin ba dole sai yaro ya tafi Sakkwato ko Zariya ba. Ga jami'a nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Sai dai idan ana hirar jami'a, farfesoshi kawai ake ambata, alhali makomar ɗalibi tana hannun wasu da ba a tafa musu ranar yaye ɗalibai.

A kowace jami'a akwai malamin da aka ɗora wa kula da ɗaliban aji guda, shi ke sa hannu a fom ɗin rajistar kwasa-kwasai. Ga yarinyar da ta fito daga sakandaren ƙauye, ba ta taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB. Ta miƙa fom, malam ya rattaba hannu yana amsa waya. Sai a shekarar ƙarshe a gano akwai kwas ɗin dole da ba ta yi rajistarsa ba. Shekara guda ta tafi ke nan, 'yan ajinta sun wuce hidimar ƙasa, uba kuma ya sake sayar da buhunan shinkafa. Minti biyar na duba takarda da ya hana wannan asara.

Haka jami'in jarrabawa da ke shigar da maki, da ma'aikacin rajista mai riƙe da fayil. “Je ka dawo gobe” ba ta da nauyi a bakin mai faɗinta, amma ga wanda ya ranto kuɗin mota, gobe tana da tsada.

Ba na musun cewa ma'aikatan ma a matse suke. A 2022 ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, ƙungiyoyin sauran ma'aikata SSANU da NASU su ma suka rufe ofisoshi, gwamnati ta riƙe albashi. Hakkinsu ne su nema. Amma ɗalibi ba shi ya riƙe kuɗin ba, bai kamata fushin ya sauka a kansa ba.

A tsarin karatu na da, Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa littafin Ida'un Nusukh don ya ambaci malaman da ya yi karatu a wurinsu, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. A wancan tsari malami ya san almajirinsa ido da ido. Jami'a mai dubban ɗalibai ba za ta iya haka ba, shi ya sa ta rarraba aikin ga ofisoshi. To, a liƙa lokutan ganin ɗalibai a ƙofar kowane malami mai kula da aji, a fitar da sakamako kafin rajistar zango na gaba, a kuma duba wannan hidima lokacin ƙarin girma, kamar yadda ake ƙirga maƙalun da malami ya buga.