Gaɓoɓi Tara na Maganin Damina

A shekara ta 2012 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel maganin riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a watannin damina. Jihar Jigawa na cikin masu bin wannan tsari, inda ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. A jikin kwalin an rubuta sulfadoxine-pyrimethamine, haruffa 24 cur. Ma'aikaci kan dubi sunan ya ce wa uwa "ƙwayar zazzaɓi ce", ya wuce gida na gaba. Wannan gajartawa ba ta dace ba.

Gaɓar Hausa ba ta wuce baƙi da wasali, ko baƙi da wasali da wani baƙin. Da wannan doka ce magabata suka sarrafa baƙin kalmomi har aka sami asibiti da likita da kwalara. In an ɗora sunan maganin a kanta, sai ya fito kamar haka: sal-fa-dok-sin, fi-ri-me-ta-min. Huɗu da biyar, tara ke nan. Mutumin da kullum yake cewa Ga-ga-ra-wa, gaɓa huɗu, kuma ya ce Su-le Tan-kar-kar, gaɓa biyar, babu abin da zai gagari harshensa a nan. Rubutun Turawa ne mai ban tsoro, shi da ke jera haruffan da ba a furtawa.

Gaɓoɓi biyun farko su ne mafi muhimmanci. "Salfa" sunan dangin magunguna ne da jikin wasu mutane ba ya karɓa. Yakan fesa musu ƙuraje, wani lokaci fata ta saɓule kamar ƙuna. Septrin, wanda ake sayarwa a kemis, ɗan wannan dangi ne, kuma ƙa'ida ta hana a ba yaron da ke shan sa maganin damina. Fansidar da ake ba masu juna biyu wajen awo ma shi ne dai salfadoksin ɗin nan da abokinsa. Uwar da aka ce wa "ƙwaya" kawai, ta yaya za ta gane cewa abin da ya taɓa kumbura ɗanta ne ya dawo da wata riga?

Wasu za su ce matan karkara ba za su riƙe sunan ba. To, an taɓa gwada su? Ya kamata masu horar da ma'aikatan lafiya a ƙasar Gumel su koyar da sunan gaɓa-gaɓa, a kuma umarci ma'aikaci ya furta "salfa" a kowace ƙofa kafin ya ɓare ƙwayar.