Kofin 1953: Ranar da Kano ta ƙwace kofin Gwamna daga hannun Ikko

Duk ranar Asabar da yamma, idan mutum ya ratsa Jibiya ko Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Ƙonni, zai tarar da samari sun cika gidajen kallo maƙil ana gardama kan Arsenal da Barcelona. Amma tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya ci kofin ƙalubale na Najeriya a 2025, sai ya kama sosa ƙeya, alhali Kwara United ce ta ɗauka a filin Onikan da ke Legas. Ko a gidan rediyonmu, yawancin masu bugo waya sakamakon wasannin Turai suke tambaya. Da yake waiwaye adon tafiya ne, bari mu koma farkon wannan kofi, domin tarihinsa ya shafi kasuwa fiye da yadda ake zato.

An fara gasar ce a 1945, lokacin da Gwamna Arthur Richards ya ba da kofin, shi ya sa ake kiransa Kofin Gwamna. A wasan ƙarshe na shekarar, ƙungiyar Marine ta ma'aikatan jiragen ruwa ta doke Corinthians da ci 1 da nema. Daga 1945 har zuwa 1952, shekara takwas cur, kofin bai taɓa kwana a wajen Legas ba. Idan ba Marine ba, to Railway ce ta ma'aikatan reluwe, wadda ta ci a 1946 da 1948 da 1949 da 1951, ko kuma ƙungiyar kamfanin UAC a 1950, ko ta bankin Pan a 1952.

Duk wanda ya dubi waɗannan sunaye zai gane inda gizo ke saƙar. Tashar jirgin ruwa, reluwe, kanti da banki, su ne masu ƙungiyoyin. Ɗan wasa ma'aikaci ne mai albashi a ƙarshen wata, yana da filin motsa jiki, kuma ba ya tunanin kuɗin mota ranar wasa. Ke nan tun farko inda kuɗi da hanya suke, nan ƙwallo take zama.

To, Kano ma tana da kuɗi da hanya. Layin dogo ya iso birnin tun 1911, kuma ta kansa ake sauke gyaɗa da fatu zuwa Ikko, a hauro da goro da atamfa. Gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ma ta Kano take bi zuwa bakin teku. Jirgin da ke ɗaukar buhuna shi ne ya sa ya yiwu ƙungiya ta tashi daga Arewa ta je Kurmi ta buga wasa ta dawo. A 1951 'yan Filato suka kai wasan ƙarshe, Railway ta doke su da ci 3 da 2. A 1953 kuwa sai zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, suka zama ƙungiya ta farko daga wajen Legas da ta ɗaga kofin.

Kada mu manta irin shekarar da wannan ya faru. A watan Maris na 1953 ne Anthony Enahoro ya gabatar da ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello suka ce sai lokacin da aka shirya, aka yi musu ihu a titunan Legas. A watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano, aka rasa rayuka da dama, aka yi asarar dukiya. A shekarar da siyasa ta kusa raba Arewa da Kudu, an haɗu a fili ɗaya, ƙarƙashin alƙalin wasa ɗaya, wanda ya ci ya ɗauki kofi ya tafi gida.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe sau biyu a jere, Kalaba ta doke ta a 1954, Fatakwal ta doke ta a 1955. Zariya ta kai a 1957, Badun ta ci a 1959. A takaice, nasarar Kano ce ta mayar da kofin Legas ya zama kofin ƙasa.

Sai dai Kano ta jira shekara 66 kafin ta sake ganinsa. A 2018 Kano Pillars tana gaba da ci 3 da nema a Asaba, Rangers ta Inugu ta farke duka, ta ci a bugun fanareti. A 2019 ne Pillars ta doke Niger Tornadoes a bugun fanareti a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. 'Yan makonni bayan haka, a watan Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. An sake rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Mu da ke zaune a bakin iyaka mun san abin da rufewar ta yi wa shagunanmu, kuma hanyar da ta hana buhun masara wucewa ita ce ta hana mai son kallon wasa zuwa Katsina ko Kano.

Abin da muke son 'yan kasuwarmu su duba shi ne: waɗanda suka riƙe ƙwallo a zamanin Kofin Gwamna masu sana'a ne. Yau muna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a kowace kasuwar iyaka, masu tara kuɗi duk mako, amma da wuya ka ga sun saya wa ƙungiyar garinsu riguna ko sun ɗauki nauyin mota. Ranar wasa a gida, mai ruwan sanyi da mai tsire da direba da ɗan kabu-kabu duk suna samu. Kuɗin gidan kallo kuwa, bayan man janareto, rabonsu na masu tauraron ɗan'adam ne.

A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Daura da Katsina da Jibiya. Duk ranar da jirgi ya fara zirga-zirga a kansa, Dan Kassawa ta Maraɗi da Katsina United za su zama maƙwabtan juna na tafiyar 'yan sa'o'i. Tun kafin ranar ya kamata shugabannin kasuwanni su fara shirya wasannin sada zumunci tsakanin garuruwan iyaka, kuma hukumomin ƙasashen biyu su bar hanya a buɗe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah ya ba mu zaman lafiya da ciniki mai albarka.