Ƙungiyar kirki ita ce wadda aikinta ya rage bayan tafiyarta

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau duniya ta zama kasuwa guda. Abin da aka yanke a wani birni mai nisa, sai ka tarar da shi cikin tukunyarka. A watan Janairu na 1994, a birnin Dakar, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Tamma ɗaya ta Faransa da ake saye dala goma ta koma dala ashirin. Magani da takin zamani da duk kayan da ke shigowa daga waje suka yi tsada. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Ukraine, ƙasashe biyu masu sayar wa duniya alkama, Rasha kuma babbar mai sayar da taki ce. Manomin da bai taɓa jin sunan Ukraine ba ya ji ta a kuɗin buhu. Wannan shi ne ake kira dunƙulewar duniya.

Ba wanda ya tambayi talaka kafin a yanke waɗannan shawarwari. To, wa zai tsaya masa? Nan ne ake maganar ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda muke kira ONG, da ƙungiyoyin fararen hula. Waɗansu daga waje suke zuwa da motoci da kuɗi. Waɗansu namu ne na gida: ƙungiyoyin mata, na manoma, na makiyaya, na ma'aikata. A ganina, ma'aunin ƙungiya ɗaya ne: in ta tattara kayanta ta tafi, me ya rage a hannun mutanen gari?

Mu fara da Mata Masu Dubara. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma wannan aiki a jahar Maraɗi. Ba ta raba kuɗi ba. Adashen da iyayenmu mata suka sani tun da daɗewa shi aka gyara. Mata kamar talatin suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda a kai cikin akwati. Mai bukata ta ci bashi, ta yi sana'a, ta mayar da ɗan ƙari. In lokaci ya cika, a buɗe akwati a raba. Mai koyarwa takan zauna da su wasu watanni, daga nan ta bar su. Kuɗin nasu ne, dokar tasu ce, shi ya sa aikin bai mutu ba. Daga Maraɗi dubarar ta tafi Mali, Tanzaniya, Uganda, Mozambik da ƙasashe da dama, har miliyoyin mutane suka shiga irin waɗannan ƙungiyoyi. Ashe hanyar duniya ba shigowa kawai ake yi da ita ba, ana fita ma.

Sai sassabe na zamani. A 1983 wani ma'aikacin ƙungiyar SIM, ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, ya lura da wani abu a gonakin Maraɗi. Itatuwan da ake dasawa suna mutuwa, amma kututturan da aka sare saiwarsu tana da rai. In manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi ya bar su, ya yanke sauran, icce zai tashi ba da ban ruwa ba. Bayan farin 1984 aka riƙa ba mutane cimaka don su yi wannan aiki. Da rabon ya tsaya, da yawa suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga amfani: iccen girki, abincin dabbobi, kariya daga iska, hatsi kuma ya fi kyau a gindin gawo. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a kudancin ƙasarmu, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a Maraɗi da Damagaram. Cimakar da aka raba ta ƙare tun tuni. Sanin da ya shiga kan manomi yana nan, har ya kai Habasha da Gana da Senegal.

Akwai kuma ranar da taimakon waje ke ceton rai. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da dubu 60 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi. Da abincin leda mai suna Plumpy'Nut aka yi aikin, wanda aka haɗa da gyaɗa, madara, sukari da mai. Duk uwar da ɗanta ya tashi ta san darajar wannan aiki, kuma godiya ta wajaba. Sai dai ledar tana warkar da yaro ne, ba ta cika rumbu. A shekarar nan akwai hatsi a kasuwa, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Maganin wannan ba ya cikin akwatin likita. Yana cikin bankin cimaka mai amana, da noman rani, da haɗin kan manoma don kada su zubar da hatsinsu da araha da kaka, su saye shi da tsada da damina.

A wannan shekara ta 2005 ne fararen hula na gida suka nuna nasu ƙarfi. An ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi kamar garin alkama, madara, sukari, ruwa da wuta. Ƙungiyoyi suka haɗa kai don yaƙi da tsadar rayuwa. A watan Maris jama'a suka fito a Yamai da sauran birane, aka rufe kasuwanni da shaguna. A watan Afrilu aka sasanta, aka janye harajin a kan yawancin kayan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma kada mu rufe ido. Ba kowace ƙungiya ce ta Allah da Annabi ba. Akwai wadda ba ta da komi sai hatimi da jaka. Akwai famfon da ya lalace wata shida bayan biki, don ba a koya wa kowa gyaransa ba. Ko ta kirki ma, mai ba ta kuɗi yana can nesa, kuma ra'ayinsa yana iya canzawa dare ɗaya. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, ayyukan lafiya da na abinci suka tsaya a ƙasashe da yawa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Saboda haka, in ƙungiya ta sauka garinku, ku tarbe ta da mutunci, amma ku yi tambaya. Wa ya aiko ku, kuma shekara nawa za ku yi? Me za mu zuba daga namu? Wa zai riƙe makulli da littafin lissafi? In abu ya lalace, wa zai gyara, da wane kuɗi? Mata da makiyaya suna cikin kwamiti? Kada mai gari ko shugaban kwamiti ya dangwala hannu a takardar da ba a karanta ta a gaban jama'a ba. Ƙungiyar gaskiya ba ta jin haushin tambaya.

Kuma kada mu zauna jiran baƙo. Mutum ashirin masu yarda da juna sun isa su kafa asusu, ko su sayi taki a dunƙule, ko su tsare itatuwan gonakinsu. Duniya ba za ta daina shigowa gidajenmu ba. Wanda ta tarar shi kaɗai, sai ta yanke masa farashi. Waɗanda ta tarar a haɗe, dole ta zauna a yi ciniki. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kanmu.