Mai Gyara Bai Cuce Ka Ba Don Ya Sauya Lamba

Wannan makon zan ɗauke ku daga zancen soyayya zuwa teburin mai gyara.

A Gaya da Ajingi har yau akwai monita da talabijin masu ƙeya suna aiki, a shagunan buga takardu da gidajen kallo. Idan tiransiston da ke kusa da fulaibak ya ƙone, samun mai lamba iri ɗaya sai an bi ta Wudil an shiga Kano, kasuwar Sabon Gari, kuma ba lallai a dace ba. Kuɗin mota ya ninka kuɗin abin. Shi ya sa mai gyara yake ciro wani daga mataccen allo ya dasa. Mai kaya na ganin lamba ta bambanta sai ya ce an yi masa ha'inci.

Ni ban yarda ha'inci ba ne, muddin an yi da sani. Wanda ya iya yakan duba jinsi, NPN ne ko PNP, da ƙarfin wutar da zai jure, da jerin ƙafafu. C1815 da BC547 aikinsu ya yi kusa, amma ƙafafunsu ba a jere ɗaya suke ba, sai an karkata su. BU508D yana da dayod a cikinsa, BU508A babu. Ga kuma inda da yawa ke faɗawa: layin talabijin ɗinmu yana bugawa sau 15,625 a daƙiƙa, na monita kuwa daga 31,000 ya tashi sama. Ka ɗauko na talabijin ka sa wa monita, zai kawo hoto, mai kaya ya biya ya tafi, bayan kwana biyu ya yi zafi ya mutu. Haka in ba a binciki abin da ya kashe na farkon ba, ko kafasita ko fulaibak ɗin kansa. Wannan ganganci shi ya cancanci zargi.

Abin da ke damuna, duk ilimin nan a ka yake, yaro ya ɗauka daga bakin ubangidansa, littattafan musayar lamba kuwa da Turanci suke. Mu da muke kiran kanmu marubuta, taurarinmu kullum likita ne ko ɗan Alhaji. Wa zai je Ajingi ya zauna gefen mai darma, ya tambaye shi me yake kiran kowace ƙafa, ya rubuta mana shafi biyu kafin zaren mako mai zuwa?