Rigar Annabi Yusufu da Idon Almajiri

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.  Bayan haka:

Wani maƙwabcina a nan Ƙofar Dawanau, mai sayen hatsi, ya aiki ɗansa kasuwar Dawanau ya dubo masa dawa buhu 20 kafin ya aika da kuɗi ta waya. Yaron a hannuna ya sauke Alƙur'ani, ba ya tuntuɓe a hadda. Ya komo ya ce, "Baba, dawa ce mai kyau." Aka ce, kaura ce ko farafara? Ta bana ce ko ta bara? Akwai tsakuwa, ko ƙwaro ya huda ta? Yaro ya yi shiru. Uban ya yi dariya, ni kuwa kunya ta rufe ni, domin na koya masa karatu, ban koya masa dubawa ba.

Abin da nake gani shi ne, wajibi ne mu malaman allo mu riƙa tsayar da yaro a kan siffofin da ke cikin labari tun yana ƙarami, kuma ba sai mun je nesa neman littafi ba. Ku dubi Suratu Yusufu, aya 111, ku bi rigar nan. A aya ta 18 'yan'uwa sun kawo ta da jinin ƙarya, masu tafsiri suka ce Annabi Yaƙubu ya lura babu inda ta yage, to wace irin dabba ce za ta ci mutum ta bar rigarsa lafiya? Daga aya ta 25 zuwa ta 28 wata riga ta tsage, kuma shari'ar duka ta rataya a kan abu guda, ta gaba ta tsage ko ta baya. Daga ta 93 zuwa ta 96 aka jefa riga a fuskar uba, ganinsa ya komo, alhali tun ayari na hanya ya ji ƙanshin ɗansa. Sau nawa almajiri ya wanke allonsa a kan waɗannan ayoyi, ba wanda ya taɓa tambayarsa riga nawa ya gani?

Magabata ba su raina wannan fanni ba. A cikin Shama'il na Imamu Tirmizi, wanda ya rasu a shekara ta 279 bayan Hijira, Sayyidina Hasan ya nemi kawunsa Hindu ɗan Abi Hala ya siffanta masa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda an san Hindu da gwanintar siffantawa. Da bai lura ba, da mun rasa alheri mai yawa.

Ku kuma 'yan kasuwa, maganar ta taɓa aljihunku. Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ta halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffa, kuma cinikin salam ba ya inganta sai da siffa sananniya da awo sananne da ajali sananne. Yau da ciniki da yawa ya koma waya, wanda bai iya rarrabe marsa da daushe da bakinsa ba, rigima yake ƙullawa, ƙarshenta gaban alƙali.

Na san wasu 'yan'uwana za su ce tatsuniya ƙarya ce, ɓata lokacin tilawa ne. Ban ce a ajiye allo ba. Ranar Alhamis babu karatu, dare kuwa dogo ne. Ni nakan zaunar da ƙanana bayan lisha, in ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, ko wani abu daga Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, sa'an nan in tsaya a tsakiya in ce, dokin nan da sarki ya hau, akawal ne ko kili? Wanda ya ce "doki ne kawai", sai ya sake. Bayan mako in ce wani ya maimaita labarin da bakinsa, amma kada in ji "mai kyau" ko "babba", ya faɗi launi, da ƙara, da wari. Da fari sukan yi ta ƙyalƙyala dariya. Daga baya sai ka ji yaro ɗan shekara 7 yana gyara wa ɗan'uwansa, yana cewa ba rawani ba ne, hula ce.

Sai dai akwai iyaka, kuma a nan ne nake tsanantawa. A tatsuniya yaro ya ƙara gishiri yadda ya so. A ƙissar Alƙur'ani kuwa babu ƙari ko da ɗigo, lura a nan ta haɗa da sanin abin da ba a faɗa ba. Kwanan baya wani almajirina ya ce karen Ashabul Kahfi baƙi ne. Na ce ya nuna mini ayar. Ya bi surar daga farko har ƙarshe, ya tarar an ambaci yadda karen ya shimfiɗa ƙafafunsa na gaba a bakin kogo, launi kuwa babu. Ya zo da kansa ya ce, "Malam, ni na sa masa."

Wasalam.